Tsadar Tabarau A Gana: Inda Ake Rage Kuɗi Da Inda Ba A Ragewa

Akwai wani tela a unguwarmu nan Kumasi wanda ya shekara fiye da 30 yana taka keke. A da, idan ya yi wa riga aiki a wuya, sai mutum ya tsaya yana kallo. Amma tun bara muka lura ba ya zura zare a allura da kansa, sai ya ƙwala wa yaron shago kira. Da la'asar ta yi sanyi kuwa sai ya rufe keken, ya ce gobe ma rana ce, alhali ga ɗinkin Salla jibge a gabansa. Da muka matsa masa da tambaya, sai ya zaro wata takarda daga aljihu, duk ta ƙoɗe saboda ninki. Ashe wata 6 da suka wuce ya je an gwada masa ido, an rubuta masa tabarau, amma da aka faɗa masa kuɗin sai ya ce zai je ya dawo. Har ranar da muka yi maganar bai koma ba.

Irin wannan takarda tana nan a aljihun mutane da yawa, daga Aboabo da Asawase har Nima da Mamobi a birnin Ankara, har zangunan Tamale da Wa da Bawku. Wani ya ajiye ta ya haƙura da gani dishi-dishi. Wani ya yar da ita ya tafi Kejetia ya sayi na tire. Wani kuma ya ci bashi ya biya duk abin da aka ce, daga baya ya gane rabin kuɗin ado ya saya. Saboda haka muka ga ya dace a wannan wata mu zauna da masu karatu mu warware wannan lissafi, domin kuɗin tabarau ba dunƙule ɗaya ba ne. Akwai inda za a rage ba tare da an cutu ba, akwai kuma inda raguwar ke jawo hasarar da ba ta maiduwa.

Ba Cuta Ba Ce, Shekaru Ne

Abin da ya sami telan nan yana jiran kowa. A cikin ido akwai wata ƙwaya garai-garai mai taushi, wadda ke canja siffa duk sa'ad da mutum ya dubi abu na kusa. Da zarar an haura shekara 40 sai ta fara tauri, sai ka ga mutum yana miƙa hannu nesa da fuska kafin ya karanta saƙo a waya, ko malami yana matsawa bakin ƙofa da littafinsa don neman haske, ko uwargida ta daina ganin tsakuwa a cikin shinkafa. Ba sammu ba ne, ba kuma wani magani na ɗigawa da ke mayar da ƙwayar yadda take. Gilashi ne ke cike wannan giɓi.

Ban da wannan akwai waɗanda ba sa ganin nesa tun suna yara, akwai waɗanda idonsu ke wahala wajen duban kusa ko da ba su tsufa ba, akwai kuma waɗanda fuskar idonsu ba ta zagaye daidai ba, sai rubutu ya riƙa yi musu inuwa a kusa da nesa. Kowanne da irin gilashinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2019 game da gani, ta ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da matsalar gani a duniya, kuma fiye da miliyan 800 daga cikinsu matsalar tasu ba ta wuce rashin tabaraun karatu ba. Kada a ɗauka maganar karatu ce kawai, maganar abinci ce. A 2018 an buga sakamakon wani bincike da aka yi kan masu tsinkar ganyen shayi a jihar Assam ta Indiya, inda aka ga waɗanda aka bai wa tabaraun kusa aikinsu ya ƙaru da kusan kashi 22 cikin 100. A 2024 kuma wani binciken a Bangaladash ya nuna kuɗin shigar waɗanda aka bai wa tabarau ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku. To mu da zangunanmu ke cike da teloli, da masu ɗinkin hula, da masu gyaran waya da agogo, da masu kitso, da direbobin trotro, ai ba sai an yi mana dogon bayani ba. Duk ranar da tela ya rufe keke da la'asar, cefanen gidansa ne ya ragu.

Ina Kuɗin Ke Tafiya?

Idan aka ba ka lissafin tabarau, abu uku ne aka haɗa: kuɗin gwaji, kuɗin gilashin da ke gyara gani, da kuɗin firam, wato gidan da aka sa gilashin a ciki.

Gwaji shi ne mafi araha a cikin ukun, kuma shi ne mafi amfani. Gilashi kuwa kusan duka daga waje ake shigo da shi, mafi yawa daga Sin, inda garin Danyang kaɗai ke yin kaso mai tsoka na gilashin tabarau na duniya. A nan sai dai a yanka shi a daidaita da firam. Tunda da dala ake sayowa, duk sa'ad da sidi ya faɗi sai tabarau ya tashi. Ba mu manta da 2022 ba, shekarar da hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin 100 a watan Disamba. Ko da yake sidi ya farfaɗo a 2025, kowa ya san halin kasuwa, abin da ya hau ba ya gaggawar saukowa.

Firam kuma nan ne gizo ke saƙa. Firam ba ya ƙara gani ko kaɗan, aikinsa riƙe gilashi a gaban ido. Amma sau da yawa shi ke cinye mafi yawan kuɗin, musamman idan akwai suna a gefensa. Manyan sunaye irin su Ray-Ban da Oakley duk na kamfani ɗaya ne, EssilorLuxottica, wanda aka kafa a 2018 da haɗewar wani kamfanin gilashi na Faransa da wani na firam na Italiya. Mai son suna ya biya kuɗin suna, ba laifi. Amma mai neman gani ya sani firam na roba ko na ƙarfe marar suna, in dai ya zauna daidai a hanci kuma maƙalansa na da ƙwari, aikinsu ɗaya. Haka kuma in kana da tsohon firam mai lafiya, kana iya kai shi a sa masa sabon gilashi. A kula dai, tsohuwar roba takan bushe ta tsage wajen sa gilashi, kuma yawancin shaguna ba za su ɗauki nauyin wannan ba.

Sai ƙare-ƙaren da ake ɗorawa a kan gilashin. Za a tambaye ka, kana son mai yin duhu in an shiga rana? Kana son mai hana ƙyalli? Kana son mai tare shuɗin hasken waya? Kowane ɗaya da kuɗinsa. Mai hana ƙyalli yana da amfani ga direban da ke tuƙin dare. Mai yin duhu a rana jin daɗi ne, ba dole ba ne. Na shuɗin haske kuwa, a 2023 masana na ƙungiyar Cochrane sun tattara gwaje-gwaje 17 da aka yi a kansa, ba su ga shaidar yana rage gajiyar ido ba. Wanda aljihunsa bai kai ba ya ce a bar shi, babu abin da ya rasa.

Wanda ke bukatar gilashin nesa da na kusa gaba ɗaya, za a ba shi zaɓi biyu. Akwai mai layi a tsakiya, sama na nesa ƙasa na karatu, akwai kuma marar layi wanda ƙarfinsa ke sauyawa a hankali daga sama zuwa ƙasa. Marar layin ya fi kyan gani a fuska, ya kuma fi tsada nesa ba kusa ba, kuma wasu kan sha wahala kafin su saba da shi. Mai layin tsohon yayi ne, amma yana aiki sarai.

Katin Inshora Da Takardar Gwaji

Mutanenmu da yawa ba su san cewa shirin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, wanda aka kafa da dokar 2003, ya ƙunshi gwajin ido na tabarau ba, har ma da aikin cire yanar ido. Abin da bai ƙunsa ba shi ne tabaraun kansa. Wato mai kati mai rai zai iya zuwa sashen ido na asibitin da ke karɓar katin a duba shi, ya rage nauyin kashi na farko. Akwai sashen ido a Komfo Anokye nan Kumasi, da Korle Bu a Ankara, da asibitin koyarwa na Tamale, ga kuma asibitocin mishan na Agogo da Bawku da suka daɗe da suna wajen aikin ido, ban da asibitocin gundumomi da ke da nas-nas na ido. Wanda katinsa ya mutu yana iya sabunta shi ta waya da lambar *929#. Gaskiya ne akwai layi, mutum na iya ɓata yini guda. Amma yini guda bai kai wata 6 na telanmu ba.

Bayan gwaji, abu mafi muhimmanci shi ne ka karɓi takardarka a hannu. Ba dole ba ne ka sayi tabarau a inda aka gwada ka. Ka nemi a rubuta maka lambobin, ka ɗauki hotonsu a waya, sa'an nan ka zagaya shago biyu ko uku ka ce a faɗa maka kuɗin gilashi daban, kuɗin firam daban. Mu da kan taya tumatir a kasuwa, ban mamaki ne mu shiga shagon tabarau a Adum, saboda sanyin na'ura da farar riga, mu kasa tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Karanta takardar ba wuya. Layi ɗaya na idon dama ne, ɗaya na hagu. Lambar da ke ƙarƙashin SPH ita ce ƙarfin gilashin, in da alamar ragi a gabanta mutum ba ya ganin nesa ne, in alamar tarawa ce akasin haka. CYL da AXIS na masu idon da bai zagaye daidai ba ne, in gurbinsu babu komai to ba ka da wannan matsala. ADD shi ne ƙarin ƙarfi na karatu. Sai PD, wato tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin idanunka biyu, wadda a manya yawanci milimita 60 da 'yan kai ce. Ana yawan barin wannan ba a rubuta ba, ka roƙa a auna a rubuta, domin da ita ake daidaita tsakiyar gilashi da tsakiyar ido.

Na Tire Fa?

To yaya batun tabaraun da ake tallarsa a Kejetia da Makola da bakin tasha, wanda mutum kan gwada da guntun jarida? Ba za mu ce a guje shi baki ɗaya ba, don ba gaskiya ba ne. Wanda ya haura 40, yana ganin nesa sarai, idanunsa biyu ƙarfinsu ɗaya, kuma babu komai a gurbin CYL ɗinsa, wannan tabarau na karatu zai yi masa aiki, a kan kuɗi kaɗan ƙwarai. Ana rubuta ƙarfinsa a gefen gilashi ko a jikin maƙala, daga +1.00 zuwa +3.50. Ɗan shekara 40 da 'yan kai yakan fara da +1.00, ɗan 50 yakan kai wajen +2.00, ɗan 60 wajen +2.50. Ka riƙe rubutu a tazarar da ka saba aiki, ka zaɓi mafi ƙarancin ƙarfin da ya ba ka gani sarai, kada ka zaɓi wanda ya fi girmama harafi. Ka rufe ido ɗaya ka duba, ka rufe ɗayan ka duba. In ɗaya na gani ɗaya ba ya gani, ajiye, ba naka ba ne.

Amma na tire na karatu ne kawai. Ba a tuƙi da shi, ba a tafiya da shi, ba a saya wa yaro. Haka nan tabaraun gado na marigayi Baba, da wanda Alhaji ya kawo tsaraba daga Makka, da na maigida da uwargida kan ara, kowanne an yi shi ne don wani ido. Gilashin da bai dace ba ba ya makantar da babba, sai dai ya sa masa ciwon kai da jiri. Kuma maganar da ake yi cewa tabarau na kashe ido, in ka fara ba ka dainawa, ba ta da tushe. Shekaru ne ke tafiya, ko an sa ko ba a sa ba.

Inda Ba A Ragewa

Haɗarin na tire ba a gilashin yake ba. Haɗarin shi ne mai tire ba ya duba cikin ido. Mutum ya sayi +2.00, karatu ya dawo, sai ya ɗauka lafiya lau, alhali wata cuta na cin idon a ɓoye.

Babbar wannan cuta ita ce gilakoma, wadda wasu ke kira hawan jinin ido. Tana lalata jijiyar gani a hankali, daga gefe take farawa, ba ciwo ba ja, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Ƙasarmu na cikin inda ta fi yawa a duniya. Binciken da aka yi a Tema, wanda aka buga a 2013, ya gano kusan mutum 7 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama suna da ita, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Ka ga ke nan shekarun da mutum ke fara neman tabaraun karatu su ne shekarun da wannan cuta ke fara yawa. In an kama ta da wuri, maganin ɗigawa ko aiki na iya tsayar da ita. Saboda haka ko da na tire za ka saya a ƙarshe, ka fara zuwa a auna maka ƙarfin ruwan ido a kuma haska jijiyar. In akwai wanda ya makance a danginku, kada ka ɗaga ko wata guda. Kada garin neman gira a rasa ido.

Mai ciwon suga shi ma da nasa. In suga ya hau gani kan rikice, in ya sauka ya daidaita, don haka wanda ya yanka tabarau lokacin da sugansa ke sama ya yi hasarar kuɗinsa, bayan makonni ba zai yi masa ba. A fara daidaita suga, sa'an nan a duba bayan ido sau ɗaya a shekara. Tsohon da ke canja tabarau a kai a kai kuma hazo bai gushe ba, mai yiwuwa yana ce, kuma babu gilashin da ke kawar da yana sai aikin asibiti. A yi nesa da masu soke ta da tsinke a gida.

Yara kuwa, nan ne bai kamata a yi ko ciniki da gwaji ba. Idon yaro yana koyon gani ne har wajen shekara 7 ko 8, in ɗaya bai sami gani sarai ba a wannan lokaci yana iya zama rago har abada, ko da an ba shi tabarau daga baya. Yaron da ke matse ido, ko yake kwafa daga littafin na kusa da shi maimakon allo, ko yake manne wa talabijin, a kai shi a duba kafin a kira shi daƙiƙi. A saya masa firam mai araha mai ƙwari, tunda zai karya kuma zai girma, amma gilashin ya zama na roba mai wuyar fashewa, kuma daidai da takarda.

'Yan'uwa A Waje Da Sayen Intanet

Gidaje da yawa a zango na da ɗa a Amurka ko Ingila ko Jamus, kuma akwai kamfanonin da ke yin tabarau da araha ta intanet in aka tura musu lambobi. Wannan hanya na aiki ga gilashi mai sauƙi, muddin takardar sabuwa ce kuma da PD a jiki. Amma a lissafa kuɗin aikowa da na kwastan, a kuma tuna in bai yi daidai ba babu wanda za a koma wa. Mai gilashi mai ƙarfi da mai son marar layi, gara su yi a nan, inda za a auna a fuskarsu a kuma gyara musu zama.

Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Akwai abin da ya rage namu a matsayin al'umma. Jami'ar KNUST da ke nan Kumasi da ta Cape Coast suna yaye masu gwajin ido kowace shekara, kuma asibitoci da ƙungiyoyin agaji kan fita gwaji kyauta, musamman a Ranar Gani ta Duniya, wato Alhamis ta biyu a watan Oktoba. Sau da yawa unguwar da ta rubuta takardar gayyata ita ake zuwa. Me zai hana sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin samari su rubuta tun watan Agusta, su ba da harabar makaranta da kujeru? Sai dai a tantance. Ba duk mai kafa rumfa da lasifika ne mai taimako ba, wasu gwajin kyauta ne tallar, tabarau mai tsada ne hajar. A tambayi daga wane asibiti suke, a nemi ganin lasisinsu, a kuma ga ko suna ba da takarda mutum ya tafi da ita.

Bugu da ƙari, mu da ke zuba susu don biki da suna, ƙungiyar teloli ko ta direbobi na iya ware ɗan wani abu don ido. In mutum 20 suka je wa shago ɗaya da takardunsu, cinikinsu ba zai zama irin na mutum ɗaya ba.

Telanmu dai mun zauna da shi mun duba takardarsa. Ba CYL, idanu biyu ƙarfi ɗaya, nesa lafiya, an kuma auna masa ruwan ido ba a ga komai ba. Duk abin da yake bukata shi ne tabaraun kusa na +2.00. Lissafin da ya kore shi na firam mai suna ne da gilashi marar layi mai yin duhu a rana, abin da bai nema ba, bai kuma san zai iya cewa a cire ba. Ya koma ya ce a ba shi mafi sauƙi, ya biya da kuɗin ɗinki biyu. Yanzu sai an kira magariba yake rufe keke, an kuma rubuta masa ranar da zai koma gwaji baɗi.

Mai karatu, in irin wannan takarda na aljihunka, fito da ita ka sake dubawa. In kuwa ka haura 40 ba a taɓa haska cikin idonka ba, sabunta katinka ka je tun yanzu. Allah Ya bar mu da ganinmu.